Jinin Karnukan Baba

Ƙarar sakata ce, ƙas, irin wadda ake ji a kowane gida ba a ko ɗaga kai. Ina tsugune a ƙofar madafi ina tankaɗen garin tuwo na jiyo ta daga bayan gida. Sai ga maigidana ya fito yana kakkaɓe hannu, ya ce da ni, "Shi ke nan, daga yau ba shiga ba fita." Kafinta ya ɗauko ya sa wa kangon da ke bayan ɗakunanmu ƙofar langa-langa, ya rufe karnukan mahaifinsa a ciki.

A lokacin ba a daɗe da sallamo surukina daga asibiti ba. Hawan jini ya kayar da shi a bakin masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke ɗif. Muka shimfiɗa masa katifa a rumfar tsakar gida, don ba ya son zaman ɗaki. Ni ke ba shi kunu da cokali, ni ke goge masa baki. Da ya ji ƙarar sakatar nan sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya bugi tabarma, ya sake bugawa, yana wani gurnani a maƙogwaro. Na ɗauka ruwa yake so, na kawo masa. Ya kau da kai.

Baba, surukin nawa, mafarauci ne tun yana saurayi. Sa'ad da aka kawo ni gidan, mu ne ƙarshen gari ta wannan ɓangare na Potiskum, daga ƙofar gida kana hango gonaki har iya ganinka. Da an gama girbi zai rataya gorarsa, ya ɗauki kulki da adda, ya yi fito ɗaya, karnuka su miƙe su bi shi. Ya dawo da zomo, ko gafiya, ko zabin daji, wata rana in Allah ya yi rabo har da gada.

Ni kuwa a gidanmu ba a ajiye kare. Kwanakin farko na amarci, wata karya ta zo ta shinshina gefen zanena, na shiga ɗaki na yi ta kuka ina tunanin sallata. Na kai maganar wajen malamarmu ta Islamiyya. Ta kwantar mini da hankali, ta ce na farauta an yi rangwame a kansa, in dai kiyaye kwanukana da wurin sallata, in kuma tuna duk mai rai da ka shayar akwai lada. Ashe Baba ya lura. Ya ja layi da sandarsa a ƙasa daidai gindin randa, kuma tun daga ranar ban ƙara ganin ƙafar kare ta tsallake wurin ba. Ko nama nake yanka, sai dai su kwanta can nesa su ɗora haɓa a kan ƙafa suna kallo. Wallahi sun fi wasu mutanen kunya.

Ba irin karnukan nan na gadi ba ne masu gashi buzu-buzu da ake ɗaurewa a gidajen masu hali. Waɗannan sirara ne, dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame kamar ba su ci ba, wutsiya a lanƙwashe. Gashinsu gajere ne, ja irin na jar ƙasa. Ba su cika haushi ba. Ƙanzo da dusa da ƙashi sun ishe su, kuma zafin bazarar garin nan da ke sa kaji buɗe baki bai hana su gudu ba.

Idan Baba yana cikin nishaɗi da yamma, yakan kama kunnen babbar karyarsa ya yi mata kirari. Tun ina jinsa ta bayan fage har na haddace ban sani ba. Yakan ce ita 'yar wadda ta kama gada a fadama ce, jikar wadda dila ya yage wa kunne ba ta sake shi ba, ita kuma 'yar wadda ta kwana a bakin ramin gafiya ce, haka yake jero su, uwa bayan uwa, har ya kai ga wadda mahaifinsa ya karɓo a hannun wasu makiyaya tun kafin a yi kwalta. Duk gidan mun san wannan jerin. Maigidana yana alfahari da shi, ko da yake shi bai taɓa bin sawun zomo ba. Baba bai yarda 'ya'yansa su shiga daji ba, makaranta ya sa su, daga nan kasuwa. Hatsi maigidana ke sayarwa.

Da ciwon ya zo, karnuka biyu suka rage: jar karyar da ake wa kirari, da wani ƙanenta namiji da suka fito ciki ɗaya amma ba haihuwa ɗaya ba. Unguwa kuma ta cika. Gidajen bulo sun zagaye mu, da karnukan gadi iri-iri, ga na bola suna yawo. Abin da maigidana ya ji tsoro ke nan. Ya ce, "Abin da Baba ya tsare shekara da shekaru, ba zan bari wani karen juji ya ɓata shi a hannuna ba. In ya warke ya tarar da kayansa yadda ya bari." Don ƙaunar mahaifinsa ya yi, wannan ba na shakka.

Lokacin barbara ya zo ya wuce suna rufe su biyu. Karyar ta yi ciki, ta haihu. Ni na fara leƙawa da safe da na kai musu ƙanzo, ina miƙa kwanon ta saman ƙofa kamar yadda na saba. 'Yan kwikwiyon suna da kyau a ido, jajaye tas kamar uwarsu. Amma biyu ba su iya kama nono ba, in sun tsotsa sai ya dawo ta hanci. Wani ƙafafunsa na baya ba sa motsi, jan ciki yake yi. Uwar ta yi ta lasarsu tana tura su da baki. Ɗaya bayan ɗaya suka yi sanyi. Maigidana ya haƙa rami a gindin katanga ya binne su, ya dawo ya zauna bai ci abinci ba.

Maƙwabta suka kawo nasu bayanin. Wata ta ce baki ne, an cika yabon karnukan. Wani ya ce guba aka jefo ta katanga. Muka yi sadakar waina, maigidana ya ƙara wa katangar tsawo, ya sa wa sakatar kwaɗo. Kullum ya rufe, Baba ya bugi tabarma. Muka ce hayaniyar ƙofar ce ke damunsa, har aka ɗiga mata mai.

Wani abu ya riƙa yi mini yawo a rai. A sakandare malaminmu na ilimin halittu ya taɓa zana mana a allo yadda ɗa ke gadon rabi daga uwa rabi daga uba, ya ce akwai lahanin da ke kwance a jini ba ya bayyana, sai ya gamu da irinsa daga ɗaya ɓangaren sannan ya fito fili, kuma 'yan ciki ɗaya su suka fi ɗaukar iri ɗaya. Na gaya wa maigidana wata rana bayan ya ci abinci. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Wannan na littafi ne. Ke da kanki kin haddace kirarin nan. Kin taɓa jin Baba ya ambaci wani kare na waje a ciki? Ko ɗaya?" Na bi jerin a zuciyata daga farko har ƙarshe. Babu. Ni ma na ga kamar gaskiyarsa ce.

Haihuwa ta biyu ta fi ta farko ɗaci. Ɗaya kawai ya yi kwanaki, wani ƙarami mai karkataccen muƙamuƙi. 'Yar autata, lokacin ba ta fi shekara biyar ba, ita ta gane ba ya ji. Ta ce ta tafa hannu a bayansa bai waiwayo ba. Shi ma bai kai ga yaye ba. Karyar ta rame, furfura ta fara fito mata a baki. Ta daina zuwa bakin ƙofa karɓar abinci, sai ta kwanta a inuwar katanga tana kallon sama. Na kama kaina ina sa ta cikin addu'a bayan sallar walha, ni da na yi kuka don wata irinta ta taɓa mini zane.

Ranar wata kasuwa, da hantsi, aka yi sallama a zaure. Wani tsoho ne dogo, da 'yar shara da ta sha wanki, da sanda, ya ce daga wajen Gadaka yake, abokin farautar Baba ne, sai kwanan nan labarin ciwon ya iske shi. Hausarsa da jin ta ka san akwai Bolanci a ƙarƙashinta. Maigidana bai riga ya fita kasuwa ba, ya shigo da shi. Tun daga nesa tsohon ya fara tsokanar Baba:

"Kai rago! Ashe nan ka zo ka miƙe ƙafa? Zomaye can suna bikin suna a gonarka, sun ce a gaishe ka."

Baba ya buɗe ido. Ɓarin bakinsa mai motsi ya ɗaga, rabon da in ga haka tun kafin asibiti.

"Dubi yadda suka kiwata ka," in ji tsohon, yana zama a gefen katifar. "Kunu da cokali! Mutumin da muka raba ɗanyar gyaɗa da shi a kan tudu. 'Yata, rage masa, in ya tashi ba zai iya tsallake ko kunyar gona ɗaya ba."

Na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa da fura. Ya sha, ya yi wa Baba addu'a mai tsawo yana riƙe da hannunsa. Can sai ya dubi tsakar gida ya ce, "Ina jar? Ban ji ta zo gaishe ni ba. Ko ita ma ta zama 'yar birni?"

Maigidana ya tashi ya buɗe kangon. Karyar ta fito a hankali, ƙanenta na biye. Ta tsaya ta ɗaga hanci, sai ta tafi kai tsaye ta sa kanta a gwiwar baƙon. Ya shafa haƙarƙarinta, ya duba nonuwanta, ya ce, "Ta yi haihuwa bana. Ina 'ya'yan?"

Maigidana ya ba shi labari duka, har da zancen baki da na guba.

"Ikon Allah. To gidan wa ka kai ta?"

"Ban kai ta ko'ina ba. Rufe su na yi da ɗan'uwanta, don kada jinin ya gauraya."

Tsohon ya ajiye kwanon furar. Bai dubi maigidana ba, abokinsa ya duba. Baba kuwa hawaye ne ke bin gefen idonsa yana shiga kunne, hannunsa yana bugun tabarma a hankali, a hankali.

"Yaro," in ji tsohon, muryarsa ta sauka, duk wasan ya fita daga cikinta, "wannan da kake gani, ubanta nawa ne. Baƙi ne wuluk, da farin ƙirji. A bayan rumbuna aka ɗaure uwarta. Uwar tata kuma, ubanta na wani mutumin Fika ne. Wadda ke gaba da ita, a wata ruga aka kai ta can gaba da Mamudo. Mahaifinka bai taɓa maimaita gida ba sai an tsallake haihuwa biyu ko uku. Mu duka haka muke yi. Wannan yana da hanci, wancan yana da gudu, na wane ba ya gajiya. Kowa na ɗiba a wajen kowa."

Maigidana ya ce, "Amma a kirari ba ya faɗin ubanninsu."

"Yaya zai faɗa? Nasa ne? Ba ka yin kirari da karen wani, rashin kunya ne. Kowa uwayen gidansa yake jerawa. Ni ma in ka ji nawa, ba za ka ji karen mahaifinka a ciki ba, alhali jininsa ya cika mini gida. Ladan mai namiji shi ne ya zo ya zaɓi ɗa ɗaya idan an yaye. Shi ke nan, ba a ƙara maganar."

Sai na tuna tafiye-tafiyen da Baba kan yi shi da karya ɗaya tak, ya yi kwanaki, ya dawo ba ko fiffiken zabo. Marigayiya surukata takan tsokane shi ta ce daji ya kore shi. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya nemi ruwan wanka. Ba wanda ya taɓa tambayarsa, don ba maganar da uba ke yi a gaban iyalinsa ba ce.

Maigidana ya matsa ya durƙusa a gaban katifar. Ya ce, "Baba, abin da kake ta gaya mini ke nan?" Baba ya lumshe ido ya buɗe. Na tashi na shiga madafi, don bai kamata in ga fuskar mijina a wannan hali ba.

Da na dawo na tarar suna shawara. Tsohon ya ce karyar ta tsufa, in an yi sa'a saura mata haihuwa ɗaya, kuma sai an bar ta ta huta ta yi ƙiba. Nasa karnukan ba za su yi ba, danginta ne na kusa. Yawancin abokan nasu sun rasu, 'ya'yansu sun watsar, wasu karnukan sun bi na gari sun ɓace a cikinsu. Amma ya san wani mutum ɗaya a wani ƙauye gaba da Fika da har yanzu yake da namiji na ainihi, wanda jininsa bai taɓa haɗuwa da na gidanmu ba. Ya ce in lokaci ya yi a aika masa, zai raka.

Tun daga ranar aka raba ta da ƙanenta. Ni na karɓi kiwonta. Ina ajiye mata romo, ina roƙon ƙashi a wajen mai nama, ina dama mata dusa da ɗumi. 'Yar autata ke riƙe mini kwano. Gashinta ya dawo yana sheƙi. Da alamun suka bayyana, sai matsalar mota ta taso: duk direban da aka tuntuɓa sai ya ce shi ba ya ɗaukar kare, fasinjoji za su sauka. Daga ƙarshe wani mai akori-kura da ya sauke shanu zai koma wofi ya yarda. Maigidana ya rufe rumfarsa ta kasuwa, ya hau baya ya zauna a kan buhu, igiya a hannu, karyar a tsakanin ƙafafunsa. Na ƙulla musu ƙanzo a leda da jarkar ruwa. Mutumin da ko gaisawa da kare ba ya yi, haka ya ratsa gari ana kallonsa.

Bayan sun dawo, sai jira. Baba kuma jiki ya fara ja baya, abinci sai an lallaɓa. Kullum na zo ba shi kunu sai ya juya ido wajen kangon, ni kuma in ba shi rahoto kamar mai kawo labarin maijego: ta ci, ta sha, cikin ya fara fitowa, yau ta haƙa rami a inuwa. Abin da nake roƙo a sujada shi ne Allah ya sa ya gani.

Uku ta haifa, farkon damina. Ba ja ko ɗaya a cikinsu. Biyu masu ruwan toka da ɗigo-ɗigo, ɗaya baƙa mai farin ƙirji. Maigidana ya daɗe a tsaye yana kallonsu, ya ce, "Ba su yi kama da na Baba ba." Amma suna kama nono kamar za su cire shi, suna ture juna, suna tsuwa.

Da suka buɗe ido, na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na sa tsumma na ɗauki baƙar na ɗora a tsohon faifai, na kai ta har gefen katifar Baba. Ya miƙa hannunsa na hagu ya lalubi ƙirjinta, ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe tafin ya duba. Sannan ya kama fatar wuyanta ya ɗaga ta sama. Ta naɗe ƙafafu ta yi shiru, ba ta yi kuka ba. Ya sauke ta a kan ƙirjinsa. Leɓɓansa suna motsi, babu sauti, amma na ga yadda suke tafiya, na san jerin da yake bi. Sai na samu kaina ina faɗa masa a fili, uwa bayan uwa, tun daga wadda aka karɓo a hannun makiyaya har zuwa jar, na ƙara da wannan. Ya daɗe idonsa a rufe.

Kafin gero ya fitar da kai Allah ya karɓi abinsa, da rana tsaka, maigidana na riƙe da kansa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bayan an share makoki, mai namijin ya zo daga ƙauyensu ya zaɓi ɗaya daga cikin masu ruwan tokar, kamar yadda al'ada ta ce. Ɗayan maigidana ya ba tsohon Gadaka, ya ce ko ba al'ada ya cancanta. Tsohon ya karɓa yana cewa an haɗa shi da aiki da tsufansa. Baƙar ta zauna a wajenmu. Jar ba ta ga wata daminar ba, ƙanenta ma ya bi ta.

Yanzu baƙar ta zama budurwar karya, doguwa, ciki a ɗame. Ba wanda ya koya mata, amma in ɓera ya gilma ta gindin katanga sai ta daskare, ƙafa ɗaya a sama, kafin ka ƙifta ido ta cafke shi. In ta gaji da zama sai ta riƙa zagaye tsakar gida a guje, ta kai bango ta juyo, ta kai bango ta juyo. Fadamar da kakarta ta kama gada an yanka ta filaye, har an fara zuba tubali. Maigidana ya riga ya tambayi gidan da za a kai ta in lokacinta ya yi, kuma ya ce ko ina ne zai je.

Wata rana da la'asar ina shanya wanki, tana wannan gudun nata, 'yar autata na zaune a kan turmi tana bin ta da ido. Can ta juyo ta dube ni ta ce, "Umma, ita wannan, wa zai kai ta daji?"